Filin da Yamusa Ya Saya a Maitama

Apo, wajen makanikai
16 ga Disamba, 1991

Zuwa ga 'yata Hansatu, a Bukuru.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki David da yara, da fatan sanyin garinku bai hana kowa fita ba. Idan kun tambayi lafiyata, da sauƙi, sai godiyar Allah.

Bartholomew mai walda ne ke riƙe da biro, ni nake magana. Ya sa kwanan wata a sama irin nasu na boko, amma ga nawa lissafin: yau kwana huɗu da aka ɗauko kujerar mulki daga Legas aka dire ta a Abuja, shekara ta uku kuma da katafila ta shiga ƙauyenmu. Wanda ya ga ranar Alhamis ɗin nan ba zai manta da ita ba. Jiniya tun safe, har duwatsun bakin titi an shafa musu farin fenti. Mutane na ta cewa gwamnati ta iso. Na ce to sannu da zuwa, ai mu muka tashi muka ba ta wuri.

Abin da ya sa na aiko miki takarda shi ne na sayi fili. Kada ki yi dariya. Ba na gina gida ba ne, wurin da motata za ta zauna ne har ranar da za a fitar da ni daga cikinta.

Kin san dai abin da likitanku ya ce bayan sanyin farko da na yi a wurinku, wai ƙirjina ba zai ƙara ɗaukar irinsa ba. Kin san kuma yadda David ya cire kujerun tsohuwar bas ɗinsa ya sa mini gado da risho, ya kawo ni nan Apo bara na yi watannin ɗari a gindin mangwaro ba wanda ya ce mini uffan. Bana abin ya canza. Da labarin zuwan gwamnati ya yi ƙarfi sai ga ma'aikata da gwangwanin jan fenti, duk abin da ke bakin hanya suna yi masa alama. Suka shafa wa motata a goshi, suka ce kwana bakwai ko a ja ta. Na ce musu a cikinta nake kwana. Ɗayansu ya ce, "Baba, babban birni ne nan yanzu, ba a kwana a mota."

Ana cikin haka wani ɗan kwangila, Alhaji Muktar, ya zo nemana da kansa. Yana gina wa wani babban mutum gida a Maitama, daidai inda ƙauyenmu yake a da. Leburorinsa sun ajiye diga da shebur, wai sun tono tukunya a kife da duwatsu a jere, sun ce kabari ne, ba za su ƙara sara ba. An gaya masa akwai wani tsoho a Apo da ya san makwancin kowa a wannan ƙasa. Ya ɗauke ni a motarsa, mai sanyi a ciki, har sai da na roƙe shi ya kashe sanyin. Na je na duba. Na ce musu ba kowa a wurin, tsohon akurkin kaji ne. Suka koma aiki.

To a bayan katangar gidan akwai wani lungu da ya rage, taku goma sha biyu a tsaye, takwas a kwance, kusa da dutsen nan da mata ke shanya barkono a kai. Shi kaɗai katafila ta kasa. Alhaji ya yi wa mai gidan magana aka sayar mini da lungun, kuɗin bijimin nan nawa ya isa har da saura. An ba ni takarda mai hatimi, Bartholomew ya karanta mini sau biyu. An ja motar an kai, an cire tayoyi an ɗora ta a kan bulo. Akwai famfo a jikin katanga. Dutsen yana shan rana yini guda, ɗuminsa na bugo motar, ko bargo ba na rufa. Tarin ya ragu, jiya har na hau kan dutsen da ƙafata.

Ki gaya wa David ba sai ya zo ɗaukata da wuri ba. Idan zafi ya yi yawa zan hau motar haya in zo muku damina, in sanyi ya kawo kai in dawo wurina. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Yamusa

Anti Hansatu, ni ne Bartholomew, wannan nawa ne. Tarin ya ragu da gaske. Amma Baba ba ya cin abinci kamar da. Kuma ranar da muka kai motar sai da ya sa muka sake juya ta, wai ƙofarta ta kalli titi, kada ta kalli wajen ginin.

*

Bukuru
22 ga Disamba, 1991

Zuwa ga Baba.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifi, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. David da yara suna gaishe ka. Mun ji daɗin labarin tarin, ni har sai da na zauna na yi hawaye, don nan ruwan randa in ka taɓa da safe sai hannunka ya ƙage.

Baba, ka yi haƙuri da abin da zan tambaya. Na karanta takardarka sau uku, kuma wuri ɗaya nake tsayawa.

Ina 'yar shekara tara ka fara tafiya da ni share ciyawa a makwantai kafin a ci sabuwar doya. Kai ka koya mini: a jingina baya da dutsen barkono, a fuskanci gabas, a yi taku arba'in. Ni nawa takun ya kai sittin, kana yi mini dariya kana cewa ƙafar fara gare ni. A nan Kaka Asibi take, mahaifiyar ƙaninka Baba Silas. Ban taɓa ganin akurki a gabashin dutsen nan ba, kuma kai ka ce mini ko akuya ba a ɗaurewa a wajen. Idan ginin a yamma yake, to na yi kuskure, ka yafe mini. A wane gefe suka tono tukunyar?

Kuma wane irin fili ne ake sayarwa a Maitama da kuɗin bijimi ɗaya? David ya ce ko wurin ajiye kwandon shara ba ya samuwa a haka.

Ban manta ranar da aka raba kuɗin diyyar itatuwa ba, da ka miƙe a gaban dukan gari ka nuna Baba Silas da sanda ka ce wanda ya karɓi kuɗin mangwaro ya koma Kubwa, uwarsa ya sayar. Shekara uku ke nan ko gaisawa ba kwa yi. Kai ka ƙi gidan da gwamnati ta ba mutanenmu a Kubwa, ka ƙi kuɗin, muka yi ta alfahari da kai duk da mun san wahalar da za ta biyo baya.

Ba ina cewa ka dawo nan ba ne. Wallahi ba na so ka dawo, na ga yadda ka yi a asibiti, ba na son in sake gani. Ban san abin da nake so ka yi ba. Amma ka gaya mini gaskiya, ni dai.

Na ba direban da zai kawo wannan dankali da man zafi. Ka riƙa cin abinci. Ka gaida Bartholomew, na gode masa.

'Yarka,
Hansatu

*

Apo
28 ga Disamba, 1991

Hansatu,

Ina gaishe ku duka, da fatan kun yi Kirsimeti lafiya. Dankali ya iso, Allah ya saka.

Na ga boko ya koya miki yi wa uba tambaya kamar alƙali. Ni na haife ki, ni na koya miki takun nan, yanzu kuma da shi za ki auna ni. To ba laifi. Na ce wa Bartholomew ya rubuta miki cewa a yamma ne, ya ajiye biro ya ce shi ya je wurin, ya ga inda rana ke fitowa. Ya yi awa guda yana walda ina kallon wutar. Yanzu ya sake ɗauka.

A gabas ne.

Tun a mota na gaya wa Alhaji halin da nake ciki, jan fenti da tari da komai. Bai ce in yi ƙarya ba, kada ki ɗora masa. Abin da ya ce shi ne, "Baba, in aikin nan ya tafi daidai, akwai wani ɗan lungu a baya da ba a san abin da za a yi da shi ba." Shi ke nan. Ni kuwa na ji, kuma ya san na ji.

Da muka isa na jingina bayana da dutsen na fara taku. Na sami arba'in da shida. Na ce wa raina to ka gani, ba nan ba ne, shida sun yi yawa. Alhali na san ƙafar da ta auna wurin ta mai ƙarfi ce, wadda ke aunawa yanzu kuwa ja take yi. Sai aka miƙo mini tukunyar. Layi uku a wuya, irin zanen da take yi wa duk tukunyar da ta gina. Ni na kife ta da hannuna a shekara ta biyu ta yaƙin basasa, Silas yana bakin daga, ba a ma san ko yana da rai ba. Ni na haƙa, ni na sa ta, ni na jera duwatsun. Matar da ta ba ni nono ke nan lokacin da uwata ta rasu ta bar ni ina wata huɗu.

A cikin leburorin akwai wani magidanci Bagwari, ba ɗan ƙauyenmu ba, daga wajen Karshi. Ya matso ya tambaye ni da yarenmu, a hankali, "Baba, ka tabbata?" Na amsa masa da Hausa, da ƙarfi yadda Alhaji zai ji, na ce kaji ne. Ya dube ni, ya ɗauki digarsa. Yanzu kullum in zai wuce sai ya rusuna ya gaishe ni, ni kuwa in shige mota.

Ba su kai gare ta ba. Ramin ginin ta gefenta ya bi, ita tana ƙarƙashin inda za a yi wa mai gida wurin ajiye motoci. Leburori sun tafi hutu, ranar Litinin ta bayan sabuwar shekara za a zuba kankare. In an zuba shi ke nan.

Yanzu ki ji, don kin ce in faɗi gaskiya. Ba zan warware ba. Inna Asibi ba ta tari, ba ta jin sanyi, kankare ba zai dame ta ba. Akwai ɗari irinta a ƙarƙashin titunan garin nan, wa ya tsaya musu? Ni kaɗai ne zan mutu saboda ƙasusuwa? In na buɗe baki Alhaji zai karɓe takardarsa, aikinsa zai tsaya, kuma ya ji na yi masa ƙarya a gaban yaransa. Mota ba taya, Apo an hana, Kubwa ba ni da fuskar shiga. Saura Bukuru, kin kuwa san abin da likita ya ce. Shekarata saba'in da wani abu ban taɓa kwana wuri mai daɗin wannan lungu ba, abin da ya fi ba ni kunya ke nan.

Kada ki gaya wa David. Silas kuwa, in kika rubuta masa ban yafe ba.

Allah ya raya yara.

Mahaifinki,
Yamusa

*

Kubwa
2 ga Janairu, 1992

Zuwa ga Yaya Yamusa.

Gaisuwa da ban girma. Barka da sabuwar shekara, Allah ya sa mun shiga a sa'a. Ni ne ƙaninka Silas. Na san za ka yi mamaki. Takarda uku na yage kafin wannan, ka san hannun tsohon soja, bindiga ya iya.

Yaya, labarinka ya iso Kubwa. Angela ƙanwar matata, mai sayar da kifi a Kado, tana kai wa kukun wani gida kifi a Maitama. Ita ta ga motarka a jikin dutsen barkono, ta gan ka zaune a ƙofa. Ta ce ta gaishe ka, ka yi kamar ba ka gane ta ba, ta ce ko ido ne. Masu gadin layin suka gaya mata tsohon ya sayar da bijiminsa ya sayi wurin.

Kafin yamma duk unguwa ta ji. Mato mai unguwa ya tara mu ya ce kun gani, mu mun karɓi gidan kwano mun taho, Yamusa ya ba da abin da ya rage masa ya koma ya zauna gadin iyayenmu. Jiya a coci an yi maka addu'a da suna. 'Yan'uwanmu na masallaci ma sun yi. Tsofaffin mata suna haɗa maka doya da gero, wai ranar kasuwa za su yi hayar mota su zo gaishe ka.

Ni kuwa na tashi daga wurin. Na koma gida na rufe ƙofa.

Abin da ka faɗa mini ranar rabon kuɗi, shekara uku ina jin haushinka. Na ce wa kaina ina da yara bakwai, ina zan kai su, kai kuwa 'ya ɗaya gare ka kuma ta yi aure, taurin kai ba ya yi maka tsada. Amma gaskiya ka faɗa. Na bar uwata. Sori, Yaya. Ban iya dogon zance ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba, sau biyu na je neman wurin. Na farko na tarar an baje ko'ina, ɗorawar nan babu, rafin an sa masa kwalbati, na tsaya kamar baƙo. Ka san ban ga lokacin da aka sa ta ba, tudun kawai ka nuna mini da na dawo daga yaƙi, kuma ban taɓa riƙe lissafin takun ba don kullum kana nan. Na biyu wani mai gadi ya ce oga ba ya son masu yawo, ya rako ni har titi. Ni da na yi kofur.

Roƙona ɗaya. Ka nuna mini inda take. Na yi magana da mai unguwa, an ba ni wuri a maƙabartarmu ta nan, na sayi farin yadi tun bara yana cikin akwati. Ina so in ɗauko ta in kawo ta kusa da jikokinta kafin nawa lokacin ya yi. Ba gaggawa, in ka ga ya dace sai bayan bikin Ista, ko duk lokacin da ƙirjinka ya yi ƙarfi. Tunda kana wurin kana dubanta, hankalina a kwance yake. Rabona da barci mai daɗi irin na kwanakin nan har na manta.

Angela za ta bar wannan a wurin mai waldan Apo, an ce shi ke karanta maka. Matata tana gaisuwa, yara suna gaida Babansu.

Ƙaninka,
Silas

*

Apo
Lahadi, 5 ga Janairu, 1992

Silas,

Ina amsa gaisuwarka, ina gaida iyalinka. Bartholomew ya karanta mini takardarka jiya, na sa ya tsaya a tsakiya, yau da ya fito daga coci na ce ya ƙarasa. Shi zai kawo maka wannan da hannunsa a babur kafin rana ta faɗi.

Ka hana matan nan zuwa. Ka gaya wa Mato ya sake tara mutane ya ce musu addu'ar da suka yi ba tawa ba ce.

Ba gadinta nake yi ba. An tono tukunyarta, aka kira ni in faɗi ko akwai mutum a wurin, na ce akurkin kaji ne. Da wannan maganar na sami lungun da nake kwana, bijimin na rufe ido ne kawai. Kai itatuwa ka karɓi kuɗinsu, don yara bakwai. Ni ita na bayar, don in ji ɗumi. Abin da na faɗa maka a gaban gari ka ɗauko shi ka mayar mini a gaban gari, ba zan ɗaga kai ba.

Babu zancen Ista. Gobe Litinin za a zuba mata kankare.

Ban san inda zan kwana jibi ba, kuma ba don ka ce in zo gidanka na faɗa ba. Hansatu za ta ji daga baya.

Gobe da safe, kafin motar kankare ta iso, zan tsaya a bakin wurin in jira leburori su taru da Alhaji, in ce musu na yi ƙarya, Asibi matar Zacharias ce a nan, ni na sa ta. Takardar filin tana aljihuna, in ya nema zan miƙa masa. Ka taho da yadin da mutum biyu masu ƙarfi, ka zo da fartanya har da tawa. In ka yarda in haƙa tare da kai, zan haƙa. In ba ka yarda ba, zan nuna maka wurin in koma gefe.

Ka huta lafiya.

Yamusa